Randar da Ban Ɗanɗana Ba

Bana ma ruwa ya yi mana jinkiri. Kullum da la'asar hadari sai ya haɗo daga gabas, ya yi baƙi har kaji su fara neman wurin kwana, sannan ya juye mana ƙura cikin ɗakuna ya wuce abinsa. Manoman da suka yi binne tun watan jiya suna zaune suna kallon sama. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Tawa neman kanwa, sai na iske matan ƙauye jere, daga wajen Takanamat da Tebaram, kowace da ƙwaryar dilo a gabanta. Dilo shi ne ƙwayar anza da aka jiƙa, aka yi ta wankewa har ɗacinta ya fita. Duk ɗan Adar ya san in dilo ya cika kasuwa haka, to an kai gindin rumbu. Ban ma tsaya ba, amma warinsa ya biyo ni, warin jiƙo mai ɗan tsami. Na dawo gida ba kanwa, na zauna bakin gado har aka kira azahar.

A makon nan kuma ƴan matan ƙungiyarmu suka zo mini. Ina ce musu ƴan mata, ko da yake Nana, shugabar tasu, tana da jika. Ƙungiyar matan sa-kai ce ta unguwarmu, wadda gari ya sani da Matan Randa. Yanzu suna da biro, wato ofis, da hatimi da zannuwa iri ɗaya, komai kuma a waya ake shirya shi. Ba raina su nake ba. Su ke kai abinci likita, wato asibiti, ga marasa lafiyar da ba su da kowa a gari, su ke koya wa matan da mazansu suka rasu ɗinki, bara ma har rijiya suka sa aka gina a bayan gari, kuma ba wadda ake biya. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tukunyar ba ta taɓa kifewa ba. Biki za su yi, suna so in tashi in ba da tarihi, tunda cikin waɗanda suka fara ni kaɗai na rage da sauran haƙora da hankali.

"Maman, ki dai hwaɗa musu yadda kunka ceci mutane shekarar yunwa," in ji Nana. "Minti goma ya isa."

Na ce to. Zan faɗa, kuma ba ƙarya zan yi ba, mun ceci mutane. Amma akwai abin da ba ya shiga minti goma, ba kuma na lasifika ba ne. Shi nake so in ajiye a nan.

Shekarar nan ina da ashirin da biyu. Daga Damagaram aka turo ni koyarwa a wata lakwal ta bakin gari. Daminar da ta gabata ta riga ta ƙi: hatsi ya fito, ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Tun kaka mutanen arewa suka fara sauka, Buzaye da Fulani da Hausawan ƙauye, da farko da sauran dabbobinsu, daga baya da igiyoyin dabbobin kawai. Suka kafa bukkokin tabarma da tsumma a filin da ke bayan lakwal ɗinmu, ta tagar aji nake ganinsu. Da bazara ta shigo, ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa tun hantsi. Jan dutsen Adar yana gasa ka ta ƙasa, rana tana dukanka ta sama, iska kuma in ta taso sai ka gwammace ba ta taso ba. Yara suna barci bisa tebur, ni kuma ba ni da zuciyar tashinsu, don na san da yawansu ba su karya ba.

Inna Kulu ce ta fara abin. Mai fura ce a bakin tasha, gajeriya, mafaɗaciya, ba ta taɓa zama a aji ba, amma in ta yi magana ko ɗan sanda sai ya gyara tsayuwa. Ta bi mu gida-gida, matan ma'aikata da ƴan kasuwa da malaman lakwal, ta ce kowace ta cire tafi guda na hatsi kafin ta zuba a turmi. Da wannan muka fara dama kunu ga yaran filin. Wani lokaci mota ta kawo jar dawa ta taimako, mu samu buhu ɗaya ko biyu, wani lokaci a yi mako uku ba a ga komai ba. Da tafin hatsin ma ya gagara, Inna Kulu ta ce a koma anza.

"Da ita iyayenmu sunka hita yunwa," in ji ta. "Ku ƴan birni ku toshe hanci ku koya."

Anza ƙaramin icce ne da ba ya jin fari, duk dajin Adar akwai shi. Ƙwayarsa kamar wake ce, amma ɗacinta ya wuce misali, kuma in ba a wanke ɗacin ba, dafi ne ga ciki, balle cikin yaro. Matan filin su ke shiga daji su tsinko, mu shanya, mu surfa a turmi ɓawon ya fita, sannan a zuba a randa a cika da ruwa. Randuna tara muka binne gindinsu ƙarƙashin rumfa a gidan Inna Kulu, daga nan sunanmu ya fito. Kowace safiya a tsiyaye ruwan jiya a zuba sabo, har kwana bakwai. Tunda anza ba rana ɗaya take zuwa ba, randunan ba a jere kwanakinsu suke ba. Saboda haka kowace randa tana da faifai a baki, bisa faifan kuma tsakuwa. Duk ranar da aka sauya ruwa a ƙara tsakuwa ɗaya, mai bakwai ita ake dafawa.

Ni da nake ji da ilimina na zo da alli, na ce a bari in rubuta lamba a jikin kowace randa. Inna Kulu ta dube ni sama da ƙasa.

"Madam, mai da allinki aljihu. In ba ki nan, wa ka karanta muna? Mu nan tsakuwa mu ka karantawa."

Mata suka yi dariya, na ji kunya, na mayar.

Ruwan shi ne azaba. Tun asuba muke bin layin famfo, in ya ɗauke mu gangara rijiyar fadama da tuluna. Ba jarkar roba a lokacin, ba baro, kai ne da gammo. Ka ɗauko ruwa da wuyanka, gobe ka tsiyaye shi ƙasa kana kallo, kore-kore, ko akuya ba ta sha, alhali yaran Buzaye suna bakin dangar gidan suna cewa "aman, aman", wato ruwa. Daga baya muka riƙa zuba shi bisa yashin rumfa, yara su kwanta su ji sanyi. Da hantsi a ɗora tukwane, a sa kanwa, in akwai garin dawa a barbaɗa, in akwai mai a ɗiga. Kafin azahar a yi rabo, yara tukuna, sai masu goyo, sai tsofaffi.

Amma kafin a ɗora tukunya akwai ƙa'ida ɗaya. Ko tsakuwa ta cika bakwai, Inna Kulu sai ta sa hannu ta ɗebo ƙwaya uku daga tsakiyar randa, ta tauna, ta haɗiye. In ta yamutsa fuska a ƙara wa randar kwana. Da azumi ya kama, a tsakiyar zafin nan, aikin ya koma hannun Madam Rahila. Ma'aikaciyar jinya ce a likita, Kirista daga wajen Maraɗi, doguwa mai sanyin magana, ita kaɗai ce ba ta azumi a cikinmu. Kullum da safe kafin ta tafi aiki sai ta biyo da kekenta.

"Watan ga ke ce limamiyar randa," Inna Kulu takan ce mata.

"Ni dai kada a manta da ni ranar salla," ita kuma ta amsa, tana tauna.

Azumin shekarar ban taɓa ganin irinsa ba. Leɓe ya tsage, miyau ya zama kamar ƙaro. Mu dafa abinci da rana tsaka, hayaƙi yana shiga ido, mu ciyar da ɗaruruwan bakuna, namu a rufe. Wasu mata jiri ya riƙa kayar da su, suka sha wasu kwanaki. Ni ban sha ko ɗaya ba, kuma ina alfahari da haka, har ina yi wa masu sha kallon ragwaye. Gara in faɗi wannan tun yanzu, don shi ne tushen abin.

Cikin masu zuwa layina akwai wata Buzuwa, Tekna, daga arewacin Tebaram. Mijinta ya tafi kudu da raƙuminsu na ƙarshe bai dawo ba. Tana da ɗiya biyu: Lalla, mai shekara biyar, da ƙaramar da take goye. Hausarta kaɗan ce, ni kuma ba na jin harshensu, gaisuwarmu da kai ce. Lalla ƙyanda ta kama ta da bazara, ta tashi, amma ba ta mayar da jiki ba. Wuyan hannunta bai fi muciya kauri ba. Duk da haka ita ke riƙe akushinsu, da hannu biyu, ba ta yarda uwar ta riƙe.

Cikin goman ƙarshe na azumi, ranar Laraba, aka aiko wa Inna Kulu cewa ƙanenta ya rasu a Kalfu. Ta tafi, ta bar mini rumfar, tunda Alhamis ba lakwal. Da la'asar ɗin ranar hadari ya taso, irin na bana, jan bango daga ƙasa har sama. Muka yi ta murna, mun ɗauka ruwa ne. Iska ce kawai. Ta kwashe rabin rumfa, ta watsar da bukkokin filin, ta wuce ba ko ɗigo. Da ta lafa muka shiga gyara, sai na ga faifai tara a warwatse a tsakar gida, tsakuwar ta koma cikin ƴan'uwanta.

Washegari muka taru muna tuno kwanakin randuna. Bakwai daga ciki mun yarda a kansu. Biyu na kusurwa suka rikita mu: ɗaya ta cika bakwai, ɗaya kwananta uku ko huɗu, kuma kowace mace da wadda take nunawa. Ƙura ta shiga duka biyun, ruwansu ya zama ja iri ɗaya. Muka jira Madam Rahila. Hantsi ya yi, sai ga saƙo cewa yara masu gudawa sun cika likita, ba za ta samu fita ba sai bayan azahar.

Mutanen filin kuwa sun kwana ba rufi, tun safe suna bakin danga. Kukan yara ba irin mai ƙarfin nan ba ne, wani siririn kuka ne da ba ya tsayawa. Ba mu da garin dawa ko na kunu a ranar. Mata suka zuba mini ido, ni ce Madam, ni ce mai ilimi. Na sunkuya na shinshina randar farko, na shinshina ta biyu. Na murza ƙwayar a yatsa. Na nuna ta hagu.

Wata tsohuwa cikin masu hura wuta ta ce, "Ɗiyata, ki aza ko guda bisa halshe mana."

Na ce, "Ina azumi, Iya."

Ita ma tana azumi, duk muna azumi. A filin nan akwai masu goyo da ba sa yi, da na kira ɗaya ta tauna mini da an gama. Bai ko zo mini a rai ba, don ɗanɗano a wurinmu aikin ƴan ƙungiya ne, su masu karɓa ne. Muka ɗora, na sa a ƙara kanwa, muka raba.

Na ga fuskokin yaran da suka kai loma ta farko. Sun yamutsa, wasu suka dubi iyayensu. Ba wanda ya tofar. Na gani da idona, na ce a raina ai dilo dama ba zuma ba ne, na ci gaba da zuba ludayi. Lalla ta cinye nata, ta lashe akushi.

Madam Rahila ta iso ana kankare tukwane. Ta lakato ƙanzo ta kai baki, ta tofar nan take. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba sai ranar.

"Wace randa kuka dafa?"

Kafin la'asar amai da zawo sun fara a filin. Muka bazu bukka-bukka da ruwan gishiri da sukari, sukarin buɗa-bakinmu ne muka kwaso daga gidaje. Madam Rahila ta ɗauki waɗanda suka fi galabaita zuwa likita, inda dama ba gado. Manya suka yi ciwon ciki suka warke. Yara da yawa suka kwana biyu suka tashi. Lalla ba ta da abin da za ta yi zawo da shi. Da safiyar Asabar aka ce ta cika.

Ranar Inna Kulu ta dawo. Ta zauna bisa turmi ta saurari komai ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba. Da na gama ta ce, "Kin ɗanɗana?"

"Ina azumi, Inna."

"Azumi," in ji ta. "Wa yac ce miki halshe na karya azumi? Ki aza, ki ji, ki tohwar. Duk macen da ka dahwa ma miji miya ta san wanga. Ku duka, ba wadda tat tuna?"

Mun sani, galibinmu mun sani. Ni dai tsoro nake kada wani abu ya wuce maƙogwaro ya ɓata mini lissafina mai kyau, in zama ɗaya da waɗanda nake yi wa kallon ragwaye. Inna Kulu ba ta zage ni ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta miƙa hannu ta ce, "Kawo allin nan naki." Daga ranar ake sa tsakuwa, a kuma ja layi a jikin randa.

Madam Rahila ta same ni a bayan rumfa, ta ce yarinyar dama ta ƙare, ƙyanda da yunwa sun riga sun cinye ta, ko kunun madara aka ba ta ba lalle ta kai salla ba. Wataƙila gaskiya ne, ita ce ta san aikinta. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda kwana ne. Amma ludayin a hannuna yake, kuma na ga fuskar yaran. Shekara arba'in ina juya maganar Madam Rahila, ba ta taɓa zauna mini ba.

Muka je gaisuwa. Tekna tana zaune bakin bukkar da iska ta karkatar, ƙaramar tana cinyarta. Inna Kulu ta yi addu'a, mata suka shafa. Na buɗe baki in ce wani abu, ban san da wane harshe ba, na rufe. Tekna ba ta dube ni ba. A filin nan magana ba ta ɓuya, ta riga ta ji wadda ta nuna randa, ta kuma ji abin da na ce wa tsohuwa.

Ruwan farko ya sauka ranar Lahadi da safe, mai yawa, har kwari ya kawo. Ƙasa ta yi ƙamshi, yaran gari suka fita tsirara suna ihu. A filin kuwa tabarmi suka jiƙe, masu zazzaɓi suna rawar ɗari, kuma ba mai irin shuka ko tafi guda. Na ce wa Inna Kulu a cire ni daga rabo, in koma ɗaukar ruwa. Ta ce ba ta da hannun da za ta yi asara don wata tana jin kunya, in ɗauki ludayina.

Litinin, ina tashi daga lakwal na zo na tsaya a bakin tukunyata. Layuka uku ne, nawa ya fi gajarta, ban kuma yi mamaki ba. Ranar Madam Rahila ta tauna da safe, Inna Kulu ma ta aza a harshe ta tofar a gaban kowa, dilon lafiya lau yake. Ina cikin zubawa kaina a ƙasa, sai na ga akushin. Na san shi, akwai tsaguwa a bakinsa da aka ɗinke da waya. Tekna ce. Ta wuce layin Inna Kulu, ta wuce na biyu, ta tsaya a nawa, da ƙaramar a bayanta.

Na zuba mata. Ba ta tafi ba. Ta ɗago akushin har saitin ƙirjina.

"Ke ci," in ji ta. "Ke ci, kahin ɗiya."

Rana tana tsaka, saura kwana uku salla. Wata a bayana ta fara cewa, "Ai tana az..." Inna Kulu ta ce mata, "Yi kurum." Har masu kankare tukwane suka tsaya.

Na sa hannu na ɗebo loma, na kai baki, na tauna. Ban tofar ba. Na haɗiye, ta ga maƙogwarona ya motsa. Ta tsaya tana kallona, ta jira kamar yadda ake jiran magani ya nuna aikinsa. Sannan ta sauko da yarinyar daga baya, ta zauna nan gefen tukunya, ta fara ba ta da yatsa.

Haka ta yi kullum har salla, ni ma haka na yi. Bayan salla na rama kwana ukun, ba su yi mini wuya ba ko kaɗan. Tekna kuwa da ciyawa ta fito ta goya ƴarta ta bi masu komawa arewa, ba ta yi mini sallama ba, kuma ban taɓa jin ko yarinyar ta rayu ba.